Barkwancin zaman tare: Daga barikin Samanja zuwa ɗakin tuzuran Peep Show

Barkwancin zaman tare wani reshe ne na wasan kwaikwayon rediyo da talabijin da ake ginawa a kan mutane ƙalilan waɗanda wuri ɗaya ya haɗa, halayensu suka sha bamban, kuma babu mai ikon tattara kayansa ya bar sauran. Turawa na kiransa sitkom. Kowane kashi yakan ɗauki kimanin rabin sa'a. Wata 'yar matsala za ta taso, kowa ya tunkare ta da irin halinsa, ta ƙara dagulewa, daga ƙarshe a koma inda aka faro. Mako mai zuwa ma haka. Abin da ke dawo da mai kallo gaban akwatin shi ne marmarin sake ganin mutanen da ya riga ya san halinsu, har yana iya faɗin wautar da kowannensu zai tafka tun kafin ya tafka ta.

Bahaushe ya daɗe da taƙaita dokar wannan wasa da cewa zo mu zauna, zo mu saɓa. Sai dai akwai sharaɗi na biyu da karin maganar bai ambata ba, wato a saɓa amma a kasa rabuwa. Talauci ne ke ɗaure wasu, wasu aiki, wasu jini, wasu kuma tsoron kaɗaici. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya samu hanyar fita, wasan ya mutu.

Gidajen talabijin na ƙasar Hausa sun shafe fiye da shekara 50 suna yin wannan wasa, sun kai shi bariki da kotu da unguwa da babban gida. A Birtaniya kuwa, ɗaya daga cikin fitattun misalansa shi ne Peep Show, wanda ya tsaya a kan abokai biyu da ke zaune a gida ɗaya, kowannensu bai iya zama da mutane ba. Idan aka jera su gefe da gefe, ana ganin abin da kowace al'umma ke yi wa dariya, da kuma wani ɗaki da namu marubutan ba su cika leƙawa ba.

Kafin zuwan akwatin talabijin

Ban dariyar Hausa ta girmi rediyo nesa ba kusa ba. A tatsuniya akwai Gizo da matarsa Ƙoƙi, shi mai wayo da haɗama, ita mai haƙurin zama da shi, kuma duk tsiyar da ya shuka gobe suna tare. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon malamai da waƙoƙin abinci a bakin kasuwa, da 'yan gambara, da wasannin tashe na watan azumi. Akwai kuma wasan barkwanci tsakanin taubasai, da tsakanin Kanawa da Zage-zagi, da Fulani da Barebari, inda al'ada ta ba mutum lasisin faɗa wa ɗan'uwansa abin da a wani wuri zai jawo faɗa. Duk wanda ya fahimci wannan lasisi ya fahimci rabin sirrin sitkom.

Talabijin ta iso Arewa a watan Maris na 1962, lokacin da Kamfanin Watsa Labarai na Arewacin Najeriya, BCNN, ya fara aiki a Kaduna, shekara uku bayan buɗe tashar Ibadan a 1959. Gwamnatin Sardauna ta kafa kamfanin ne da haɗin gwiwar kamfanonin Birtaniya biyu, Granada da EMI, don haka tun ranar farko hannun Ingila na cikin aikin. A shekarar nan ta 1962 ce kuma BBC ta fara nuna Steptoe and Son, labarin wani tsoho ɗan jari-bola da ɗansa, wanda kullum yake mafarkin barin gidan ubansa amma ya kasa. Masana harkar na ɗaukar wannan shiri a matsayin wanda ya kafa salon Birtaniya na dariya mai ɗaci, inda mutum ke cikin tarko kuma ya san yana ciki.

Bayan Gwamnatin Tarayya ta haɗe tashoshin talabijin a ƙarƙashin NTA a 1977, masu kallo a Kano da Kaduna da Sakkwato sun saba da shirye-shiryen Ingila irin su Mind Your Language da Some Mothers Do 'Ave 'Em, daga baya kuma Mr Bean ya mamaye gidajen kallo. Amma ba su ne suka riƙe zukatan mutane ba. Na gida ne suka riƙe.

Samanja da zamaninsa

Alhaji Usman Baba Pategi, wanda duniya ta sani da Samanja Mazan Fama, Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi a Jihar Kwara ta yanzu, an haife shi a 1942. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, ya kuma yi aikin soja na gaske. Daga wannan haɗi ne shirin Samanja ya fito a shekarun 1970, ya bi rediyo da talabijin ya shiga kusan kowane gida a Arewa. Sunan kansa Hausantar da muƙamin sajan-manjo ne, wato babban kurtun da ke tsakanin hafsoshi da ƙananan sojoji, wanda na sama ke ba shi umarni shi kuma ya sauke fushinsa a kan na ƙasa.

Ba a iya fahimtar farin jinin shirin sai an tuna lokacin da ya fito. Kafin Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. A ƙarshen yaƙin sun kai kusan 250,000. Kusan kowace unguwa tana da ɗanta a bariki, kuma soja ne ke mulkin ƙasa. A irin wannan hali sai ga mutum sanye da kaki yana hargagi da Hausar bariki mai gauraye da gurɓataccen Turanci, yana taka ƙasa da ƙarfi, sannan a gani ƙarara cewa matsalolin gida da na kuɗi suna kayar da shi kamar kowa. Talaka ya samu damar yi wa kaki dariya ba tare da an ce ya yi tsallen kwaɗo ba, shi kuma soja ya ga kansa a madubi bai ji haushi ba, domin mai wasan nasu ne. Bariki kuwa wuri ne da ya cika sharaɗin sitkom ɗari bisa ɗari: ƙabilu daban-daban, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, kuma ba mai fita sai da izini. Birtaniya ma ta yi irin nata a Dad's Army, daga 1968 zuwa 1977, kan tsofaffin da ke gadin gida lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A Kaduna ɗin dai akwai Ƙasimu Yero, wanda ya fito a Karambana da kuma Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin daga littafin Abubakar Imam, sannan 'yan Kudu suka san shi da Uncle Gaga a shirin Turanci na Cock Crow at Dawn. A Jos akwai Abdullahi Shu'aibu, wato Karkuzu na Bodara. A yankin Sakkwato akwai Golobo. A Kano akwai Kuliya Manta Sabo, inda Daudu Galadanci ke zaman alƙali, ana kawo masa rigingimun aure da gado da bashi, dariya na tafiya tare da ilimin shari'a. Da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe CTV 67 a farkon shekarun 1980, tashar da yanzu ake kira ARTV, sai ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano suka ƙara samun dandali, kuma daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ne Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ƙirga tarihin Kannywood daga kansa.

Shiri ɗaya na wancan zamani da ya shiga ɗakin haya sosai da Turanci aka yi shi. Shi ne Basi and Company na Ken Saro-Wiwa, wanda NTA ta nuna daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa 1990. Basi matashi ne marar aiki a Legas, yana raba ɗaki da yaronsa Alali, mai gidan haya na bin sa bashi, shi kuma kullum yana ƙulla dabarar zama miloniya dare ɗaya.

Daga Ibro zuwa Gidan Badamasi

Zamanin kaset ya sauya tsarin. Finafinan barkwanci masu ƙaramin jari, waɗanda ake kira camama, sun koma dogaro da tauraro ɗaya, kuma tauraron shi ne Rabilu Musa Ɗanlasan, wato Ibro, daga Ƙaramar Hukumar Warawa. Ibro bai da gida ɗaya ko sana'a ɗaya. A wannan fim direba ne, a wancan malami, a na gaba mawaƙi, abin da ba ya canzawa shi ne bakinsa. Wannan ya fi kusa da salon 'yan kama fiye da sitkom. An ma taɓa kai shi gaban kotun tafi-da-gidanka ta Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2008, kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, ya bar abokan sana'a irin su Bosho da Daushe suna ci gaba.

Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ita ce ta dawo da wasan mako-mako da ƙarfi. Daɗin Kowa, da aka fara a 2015, wasa ne mai dogon zango da ke taɓa manyan batutuwa irin su shaye-shaye da almajirci da tsattsauran ra'ayi, amma a cikinsa akwai ƙaramin sitkom mai zaman kansa, wato gidan Kamaye, wanda Ɗan'azumi Baba ke fitowa a matsayinsa, da matarsa Adama. Gizo da Ƙoƙi ne aka juya: ita ce mai dabara da ɗaga murya, shi ne mai sanyi.

Wanda ya cika siffar sitkom sosai shi ne Gidan Badamasi na Falalu A. Ɗorayi. Alhaji Badamasi tsoho ne mai dukiya da maƙo, ya yi aure-aure, ya tara 'ya'ya birjik daga uwaye daban-daban, kowannensu ya dawo gida da idonsa a kan abin da zai samu. Ba sa ƙaunar zama da juna, amma duk wanda ya matsa ya bar wa sauran rabonsa. Ga tarkon, ga kuma dalilin da ya sa shirin ke iya yin zango bayan zango ba tare da labari ya ƙare ba.

Abin sha'awa, a daidai wannan zamani tashar HBO ta Amurka na nuna Succession, daga 2018 zuwa 2023, labarin wani tsohon attajiri mai kafafen yaɗa labarai da 'ya'yansa da ke kokawar gadonsa tun yana raye. Wanda ya ƙirƙiro shi ɗan Birtaniya ne mai suna Jesse Armstrong, kuma kafin ya kai ga gidan attajirai ya shafe shekara 12 yana rubuta labarin wasu tuzurai biyu a wani ƙaramin gida a kudancin Landan. Wannan shi ne Peep Show.

Mene ne Peep Show?

Tashar Channel 4 ta Birtaniya ce ta nuna shi, daga 19 ga Satumba, 2003 zuwa 16 ga Disamba, 2015, zango tara, kashi 54, shida a kowane zango. Jesse Armstrong da Sam Bain ne manyan marubutansa, tare da Andrew O'Connor suka ƙirƙiro shi. Taurarinsa biyu, David Mitchell da Robert Webb, abokai ne tun suna ɗalibai a Jami'ar Cambridge, inda suka haɗu a ƙungiyar wasan barkwanci ta Footlights.

Mitchell ne ke fitowa a matsayin Mark Corrigan, jami'in bayar da rance a wani ƙagaggen kamfani mai suna JLB Credit. Mutum ne mai kwat da lakataye, mai lissafin kowane kwabo, mai tsoron maigidansa da maƙwabtansa da ma yaran unguwa. Ya haddace tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, yana iya bayanin yaƙin Stalingrad dalla-dalla, amma gaisuwar minti biyu da abokiyar aiki na iya jiƙa shi da gumi. Webb kuma shi ne Jeremy Usborne, wanda ake kira Jez, marar aiki da ya ɗauki kansa a matsayin babban mawaƙin da duniya ba ta gano ba tukuna. Gidan, wani sashe ne a dogon bene a Croydon, na Mark ne. Jeremy ɗan haya ne da ba ya biyan haya. A jami'a suka haɗu, kuma kowannensu a ransa yana ganin ya fi ɗayan: Mark na ganin Jeremy a matsayin cima-zaune, Jeremy na ganin Mark a matsayin bawan ofis.

Kewaye da su akwai Sophie, abokiyar aikin Mark, wadda Olivia Colman ta fito a matsayinta tun kafin ta lashe kambin Oscar a 2019. Da Alan Johnson, maigidan Mark a ofis, wanda Paterson Joseph ya taka. Da Super Hans, abokin waƙar Jeremy, ɗan ƙwaya marar alƙibla. Da Dobby, ma'aikaciyar sashen kwamfuta da Mark ya ƙwallafa rai a kanta daga baya. Shirin ya lashe lambar BAFTA ta gwarzon sitkom a 2008, Mitchell kuma ya karɓi tasa a 2009. Bai taɓa tara ɗimbin masu kallo a lokacin da ake nuna shi ba. Cinikin faifai da yabon masu sharhi ne suka riƙe shi, sannan intanet ta ƙara masa suna bayan ya ƙare.

Dabaru biyu ne suka bambanta shi da sauran. Ta farko, kyamara na zama idon ɗan wasa. Idan Mark na magana da Sophie, mai kallo na ganin fuskarta tana dubansa kai-tsaye, kamar shi ne Mark. Idan ita ta juyo da kallo, sai a ga Mark yana zare ido. Ta biyu, ana jin abin da Mark da Jeremy ke faɗa a zuci, su biyun kaɗai. Babu naɗaɗɗiyar dariyar 'yan kallo da aka saba sakawa a irin waɗannan shirye-shirye. Saboda haka dariyar na fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin baki da ciki: baki na cewa madalla, zuciya na tsinuwa.

Misali mafi shahara shi ne auren Mark. Ya shafe shekaru yana bin Sophie, ya sayi zobe, sannan a ranar da zai nemi aurenta ya gane ba ya son ta. Kafin ya janye sai ta ga zoben, ta amsa da murna, shi kuma kunya ta hana shi cewa ba haka ba ne. Zango na huɗu gaba ɗaya, a 2007, ya tafi ne a kan mutumin da ke shirin auren da ba ya so kuma ya kasa buɗe baki. Ranar ɗaurin aure ya ɓuya a saman coci tare da Jeremy, aka gano su, aka ɗaura, amarya ta tafi tana kuka tun kafin a watse. A zango na shida, a 2009, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, kamfanin JLB ya rufe, Mark ya rasa aikin da shi kaɗai ne abin tinƙahonsa. Kashin ƙarshe na shirin ya rufe da su biyun zaune a kujerar falo suna kallon talabijin, daidai inda aka same su shekara 12 baya.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa shirin ba na kallon iyali ba ne. Cike yake da batsa da giya da ƙwaya da ashar, kuma babu tasha a Arewa da za ta iya nuna shi yadda yake. Abin da ya cancanci nazari a cikinsa shi ne ƙirar.

Kunya a nan, kunya a can

A wasannin Hausa, wanda ake yi wa dariya galibi shi ne wanda kunya ta yi wa ƙaranci. Karambana na tsoma baki inda ba a kira shi ba. Ibro na faɗa wa suruki abin da ba a faɗa. 'Ya'yan Badamasi na lissafin gado a gaban mai dukiya. Jama'a na dariya domin an keta wata doka da kowa ya sani, kuma a ƙarshe mai ketawar yakan sha kunya ko duka, doka ta koma mazauninta. Wasa ne na fili, na murya da jiki, kuma kusan kullum yana ɗauke da darasi, domin tashoshin gwamnati da suka raine shi sun ɗauke shi a matsayin makaranta.

Peep Show ya bi ta ɗaya ƙofar. Mark mutum ne da kunya ta yi wa yawa har ta zame masa kurkuku. Yana yin ƙarya don kada ya ɓata wa mutum rai, sannan ya yi ƙarya goma don kare ta farko, daga ƙarshe ya yi ɓarnar da ta fi gaskiyar da ya guje wa. Babu darasi a ƙarshe, babu dattijon da zai zo ya yi nasiha.

A ganina wannan ƙofa ta biyu ta fi dacewa da Bahaushe fiye da Bature. Al'ummar da ta gina zamanta a kan kara da kawaici da alkunya, wadda ke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, tana da taskar abin da ba a furtawa wadda ta fi ta kowa girma. Ɗan kasuwar da aboki ya zo karɓar kaya bashi a karo na uku, yana cewa haba, ai dukiyarka ce, ya san abin da zuciyarsa ke faɗa. Ma'aikacin da ke dariyar labarin da darakta ya ba da sau bakwai ya sani. Wanda aka zo wa da katin gudunmawar biki ranar 25 ga wata ya sani. Dabarar jin muryar zuci ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu: littattafan soyayya na Kano cike suke da abin da wance ta ce a ranta, finafinai ma na amfani da ita. Sai dai kusan kullum a wurin kuka da begen masoyi ake kashe ta, ba a cika juya ta zuwa dariya ba.

Ɗakin da ba a cika shiga ba

Akwai mai cewa zaman tuzurai biyu a gida ɗaya al'adar Turawa ce. Wanda ya san yadda ake shigowa birni ba zai ce haka ba. A ɗauki Rurum, garin duwatsu a Ƙaramar Hukumar Rano, kusa da madatsar ruwa ta Tiga. A can, kamar a Kibiya da Bunkure da sauran garuruwan kudancin Kano, yaro na tasawa sai a fitar da shi daga cikin gida zuwa shagon samari a bakin zaure, inda abokai biyu ko uku ke kwana. Ba shi ya zaɓe su ba, unguwa ce ta haɗa su. Idan aikin damina ya ƙare, ko ya gama sakandare, ya hau mota ya sauka a Unguwa Uku da nufin neman wuri a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, ɗakin wani ɗan garinsu zai fara sauka, a Sheka ko Kurna ko Rijiyar Lemo. Za a ce kwana biyu ne kafin ya samu nasa. Kwana biyun kan zama shekara uku.

Haka malamin makarantar da aka tura daga birni zuwa Rurum ko Kibiya, ya tarar da wani a ɗakin da aka ba shi. Haka mai yi wa ƙasa hidima. Haka ma'aikacin da aka mayar Abuja, ya bar iyali a Kano ko Katsina, ya haɗa kuɗi da abokin aiki suka kama ɗaki a Mararraba ko Nyanya ko Suleja, magidanta biyu masu 'ya'ya suna jayayya a zuci kan wanda ya ƙarar da gas.

Duk kayan aikin Mark da Jeremy na cikin wannan ɗaki. Akwai mai biyan haya da mai cewa sai ƙarshen wata. Akwai mai tashi da asuba da mai kallon ƙwallon Turai har tsakar dare. Akwai rigar da aka ara aka je zance da ita, da cajar waya, da baƙon ƙauye da ya zo ganin likita ya share wata guda. Sannan akwai abin da ɗakin Croydon ba shi da shi: ba za ka iya korar ɗan garinku ba, domin kafin ya isa tasha labari ya isa wurin mahaifiyarka. Tarkon Bahaushe ya fi na Mark ƙarfi.

Al'ada ta tanadi dariya ga marar mata, amma daga waje. A Kano, tashen gwauro na watan azumi, ƙarƙashin Nalako, yana zagayawa da kiɗa a kamo wanda ya rabu da matarsa bai sake aure ba, a yi masa ado na ba'a. Hausa ma ta bambanta gwauro, wanda ya taɓa aure, da tuzuru, wanda ya wuce lokaci bai yi ba; da wannan ma'auni Jeremy da Mark sun fara a tuzurai, aure ya zo ya wuce, suka ƙare a gwauraye. Tsadar lefe da kayan ɗaki da kuɗin haya na ƙara tsawaita shekarun da namiji ke yi a wannan matsayi, ga gajerun bidiyoyin barkwanci na YouTube da TikTok suna taɓa shi jefi-jefi, amma manyan shirye-shiryen mako-mako har yanzu gidan aure da gidan gado suka fi karkata. Ta fuskar kuɗi kuwa, babu shiri mai arha kamarsa: ɗaki ɗaya, katifa biyu, risho, 'yan wasa biyu. Ba ya buƙatar rawa, ba ya buƙatar haɗa mace da namiji a ɗaki, don haka da wuya ya samu matsala da masu tace finafinai. Abin da yake buƙata shi ne rubutu, kuma nan ne tsadar take, domin wasan da aka gina a kan muryar zuci ba a iya yin sa da ka a gaban kyamara yadda ake yin camama. Kowace jimla sai an auna ta da wadda ke ƙaryata ta.

Inda aka kwana

Duk kashi 54 na Peep Show suna nan a adane, ana sayar da su ana kuma haska su a manhajojin kallo, marubutansa da 'yan wasansa sun wuce zuwa manyan ayyuka. Mai neman Samanja ko Karambana ko Kuliya a yau, abin da zai fi samu shi ne gutsattsarin da masu sha'awa suka kwafo daga tsofaffin kaset suka ɗora a YouTube, hoto na rawa, murya na shaƙewa.

Ƙasimu Yero ya rasu a Kaduna a watan Satumba na 2017. Samanja ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023. Karkuzu, wanda ya makance a ƙarshen rayuwarsa, ya fito ya nemi taimakon jama'a kan matsalar muhalli, har ɗan ƙwallon Najeriya Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a Jos a watan Maris na 2025.